"Ai mu ba irin su ba ne"

Akwai wata magana da nake yawan ji daga bakin 'yan'uwanmu 'yan Afirka da suka yi zaman Amurka ko Turai, har ma da waɗanda ba su taɓa taka can ba sai dai abin da suke gani a waya. Da zarar an ce 'yan sanda sun sake tare wani baƙar fata sun ci masa mutunci, ko sun harbe shi, sai ka ji wani ya gyara zama ya ce, "Ai su ma baƙaƙen Amurkan nan da nasu. Ga taurin kai, ga shaye-shaye, ga rashin kunya. Mu ba irin su ba ne. In ka kama kanka babu mai taɓa ka." Wani dattijo da nake ganin girmansa ƙwarai ya taɓa faɗa mini haka, kuma tsakaninsa da Allah nasiha yake yi mini. Na ce masa, "Baba, Allah ya ƙara girma, to Amadou Diallo fa?" Ya ce wane ne kuma wannan.

Amadou Diallo Bafulatani ne ɗan ƙasar Gini, Musulmi, shekarunsa 23. Ya je Niyok a 1996, yana kasa 'yan kayayyaki a bakin titi a Manhattan, irin su safa da safar hannu da kaset na bidiyo, yana tara kuɗin shiga jami'a. Ba a taɓa kama shi da laifin komai ba. A daren 4 ga Fabrairun 1999, sha biyu ta ɗan gota, yana tsaye a ƙofar gidan da yake haya a unguwar Bronx, sai ga 'yan sandan farin kaya su huɗu a motar da ba ta da alama. Daga baya suka ce ya yi musu kama da wani mai fyaɗe da ake nema. Ya ja da baya cikin zauren gidan, ya sa hannu a aljihu ya zaro walat ɗinsa. Suka buɗe masa wuta. Harsashi 41 suka harba, 19 suka same shi. Da aka duba babu bindiga, babu wuƙa. Aka ɗauke shari'ar daga Bronx aka kai ta birnin Albany, a Fabrairun 2000 aka wanke su duka huɗun. Gawarsa Futa Jalo ta ƙasar Gini aka mayar aka binne.

Duk wani kamun kai da dattijon nan ya lissafa mini, wannan yaro yana da shi. Babu wanda ya tambaye shi daga ina ya zo, ko wane harshe yake ji, ko yana salla. Ba a kai ga tambaya ba ma. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Ousmane Zongo ɗan Burkina Faso, mai gyaran kayan sassaƙa da ganguna, wani ɗan sanda ya harbe shi a 2003 a wani gidan ajiyar kaya a Manhattan, ana cikin samamen masu satar fasaha da ba ruwansa da su. Patrick Lyoya ɗan Kwango, wanda iyalinsa suka gudu daga yaƙi, a Afrilun 2022 aka tsayar da shi a Grand Rapids ta jihar Michigan kan lambar mota. Ya yi ƙoƙarin gudu, suka yi kokawa da ɗan sandan, ƙarshe aka harbe shi a ƙeya yana kife a ƙasa. Oury Jalloh ɗan Saliyo kuwa a 2005 ya ƙone ƙurmus a ɗakin tsare mutane na 'yan sandan Dessau a Jamus, an ɗaure shi hannu da ƙafa.

Sai kuma abin da masu wannan magana ba sa son ji. Da aka kashe Diallo, waɗanda suka yi ta cika ƙofar hedikwatar 'yan sandan Niyok kullum, har aka kama mutum sama da 1,000, da yawansu baƙaƙen Amurkan nan ne da muke rainawa. Cikin waɗanda aka sa wa ankwa har da David Dinkins, tsohon magajin garin. Su ba su ce ai wannan baƙo ne, ba irinmu ba ne. Ita kanta ƙofar da muke bi mu shiga Amurka, dokar shige da fice ta 1965 ce ta buɗe ta, ta soke tsarin kaso da ya fifita mutanen arewacin Turai, kuma ta fito ne a tsakiyar gwagwarmayar da waɗannan mutane suka yi da jininsu, wata biyu kacal bayan dokar da ta tabbatar musu da 'yancin jefa ƙuri'a.

Yadda abin yake aiki ba wani sirri ba ne, a rubuce yake. A 1968 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ɗan sanda na iya tsayar da mutum ya laluba jikinsa in yana da zargi mai ma'ana, ko da bai kai hujjar kamu ba. A 1996 kuma ta ce muddin direba ya karya wata dokar hanya, komai ƙanƙantarta, tsayar da shi ya halatta, ba ruwan kotu da abin da ke zuciyar ɗan sandan. To wane direba ne zai yi tuƙin rabin awa bai taka wata doka ba? Fitilar baya ta mutu, ba ka kunna sigina da wuri ba, ka ɗan hau layi. Tunda kowa yana yi, sai ya zama ɗan sanda ne ke zaɓar wanda zai gani. A nan ne launin fata yake shigowa, ba tare da an taɓa ambatarsa ba.

Philando Castile ma'aikacin ɗakin cin abinci ne a wata makarantar firamare a jihar Minnesota. Kafin a kashe shi a Yulin 2016 an tsayar da shi a hanya sama da sau 40, yawanci kan ƙananan abubuwa. Ran ƙarshe, ɗan sandan ya gaya wa abokin aikinsa ta rediyo cewa direban ya yi kama da wani ɗan fashi da ake nema saboda faɗin hancinsa. Faɗin hanci fa. Castile ya yi abin da ake cewa a yi, cikin ladabi ya sanar da cewa yana ɗauke da bindiga, kuma yana da lasisinta. Cikin 'yan daƙiƙoƙi aka harbe shi, budurwarsa na gefensa, 'yarta mai shekara 4 na kujerar baya. Duniya ta ga abin da ya biyo baya kai tsaye a Facebook. Shi ma wannan ɗan sandan an wanke shi.

A nan ne abokin musu yakan ce, "To ai su suka fi aikata laifi, dole a fi sa musu ido." Wannan ce hujjar da ta fi kowace ƙarfi a bakinsu, don haka ta cancanci a tsaya a kanta. Ba zan ce babu laifi a unguwannin baƙaƙe ba, akwai, kamar yadda yake a duk inda talauci ya yi sansani shekara da shekaru. Amma in da sa idon nan ƙwarewa ce ta aiki, da in an caje baƙar fata sai a fi samun abin laifi a jikinsa. Lissafin kuwa akasin haka ya nuna. A shari'ar da aka yi kan tsare mutane da lalube su a Niyok, an gabatar da bayanan tsayarwa kimanin miliyan 4.4 daga 2004 zuwa 2012. Kashi 52 cikin ɗari baƙaƙe ne, alhali su kashi 23 ne na mutanen birnin. Fararen fata kashi 10. Amma makami, an samu a kashi 1 cikin ɗari na baƙaƙen da aka tsayar, a fararen kuwa kashi 1.4. A 2011 kaɗai an tsayar da mutane sau 685,724, kuma kusan tara cikin goma an sallame su ba kamu ba sammaci. A Agustan 2013 mai shari'a Shira Scheindlin ta ce yadda ake aiwatar da tsarin ya saɓa wa kundin mulki.

Haka Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta tarar a garin Ferguson a rahotonta na 2015. Baƙaƙe kashi 67 ne na mazauna garin, amma su ne kashi 85 na waɗanda ake tsayarwa a mota. An fi caje su ninki biyu da ɗoriya, amma yiwuwar a samu haramtaccen abu a wurinsu ta yi ƙasa da ta fararen da kashi 26. Wanda ya fi burge ni shi ne binciken masanan Jami'ar Stanford da aka buga a 2020, inda suka duba tsayarwa kusan miliyan 100. Dabararsu mai sauƙi ce. Suka kwatanta waɗanda ake tsayarwa da sauran haske da waɗanda ake tsayarwa bayan duhu ya shiga, a lokaci ɗaya na agogo, tunda faɗuwar rana tana sauyawa da yanayin shekara. Suka ga cewa in duhu ya yi, kason baƙaƙen direbobi da ake tsayarwa yana raguwa. Direbobin ba su sauya hali ba don magariba ta yi. Ɗan sandan ne ya daina ganin fuskarsu.

Masuncin da kullum a tafki ɗaya yake jefa komarsa, duk kifin da zai kai gida daga nan zai fito, ya rantse maka babu kifi a sauran tafkunan. Binciken ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU na 2013 ya nuna baƙaƙe da farare kusan kunnen doki suke a shan wiwi, amma an fi kama baƙar fata da ita kusan ninki huɗu. Waɗannan kamun su ne ke zama alƙaluman laifi, alƙaluman su ne ke zama hujjar turo ƙarin 'yan sanda unguwar, su kuma su ƙara kamu.

Batun sa kaya masu kyau da yin karatu mai zurfi kuwa ba sai na ja shi ba. Farfesa Henry Louis Gates na Jami'ar Harvard a ƙofar gidansa aka sa masa ankwa a 2009, bayan an kira 'yan sanda don an gan shi yana fama da ƙofarsa da ta cije. Sanata Tim Scott, ɗan jam'iyyar Republican, wanda ba za ka ce masa mai ƙin 'yan sanda ba, ya tsaya a zauren majalisa a 2016 ya ce an tsayar da shi sau bakwai cikin shekara ɗaya yana riƙe da muƙamin zaɓe. Barack Obama yana kan kujerar shugabanci a 2013 ya ce shi ma an sha bin sa a baya a kanti, ya kuma sha jin ana danna makullin mota in ya zo wucewa. Su waɗannan kamun kai ne ba su yi ba?

Ni nawa bai kai a ba da labari ba in aka gwama da na waɗannan, babu wanda ya taɓa nuna mini bindiga. A zaman da na yi a wata ƙasar Turai, abin da na sani shi ne mai gadin kanti da ke sauya wurin tsayuwa duk lokacin da na sauya layi, da tambayar nan ta "Akwai abin da zan taimaka maka da shi?" da ake maimaita maka har ka gane ba taimako ake nufi ba. Da jirgin ƙasa da aka shigo duba takardu, aka tsallake kujeru da yawa aka tsaya a kaina da wani saurayi Balarabe. Abin da ya fi damuna shi ne halayen da na tsinci kaina da su ba tare da kowa ya koya mini ba. Ba na sa hannu a aljihu in ina cikin kanti. Rasit kuwa ko na abu ɗaya ne sai na karɓa na riƙe a hannu har na fita. In dare ya yi, mace na tafiya a gabana, sai in rage sauri ko in tsallaka ɗaya gefen don kada in tsorata ta. Ga wata fara'a ta dole da kake saki tun daga nesa, wadda ma'anarta ita ce ku kwantar da hankalinku, ni ba mugu ba ne. Mutum ya wuni yana wanke kansa daga laifin da ba a ma faɗa masa ba. Kuma ba ka taɓa samun tabbas. Wataƙila mai gadin haka yake bin kowa. Wataƙila. Da wannan wataƙilar kake kwana, in ka yi magana a ce ka cika zargi.

Wannan kuɗin goro da ake yi mana ba a kan titi ya tsaya ba. A farkon shekarun 2000 wasu masana tattalin arziki biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, suka aika takardun neman aiki na ƙirƙira kusan 5,000 ga masu ɗaukar ma'aikata a Boston da Shikago. Ilimi iri ɗaya, gogewa iri ɗaya, suna kawai suke sauyawa. Masu sunayen da ake dangantawa da fararen fata suka samu kiran ganawa fiye da sauran da kashi 50 cikin ɗari. Masu cewa mu ba irin su ba ne su duba sunayen da aka yi amfani da su a ɓangaren baƙaƙen: akwai Jamal, akwai Hakim, akwai Rasheed da Kareem. A cikin na mata, Aisha ce ta zo ta ƙarshe. A asibiti ma haka. Binciken Jami'ar Virginia na 2016 ya tarar kusan rabin ɗaliban likitanci da sababbin likitoci fararen fata da aka tambaya sun yarda da aƙalla ɗaya daga cikin wasu camfe-camfe game da jikin baƙar fata, kamar cewa fatarsa ta fi kauri, kuma masu wannan imani sun fi raina zafin ciwon da yake ji.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na yara. Binciken Phillip Goff da abokan aikinsa na 2014 ya nuna ana ƙara wa yara maza baƙaƙe shekaru a ido, kimanin huɗu da rabi, ana kuma ganin sun fi sanin abin da suke yi. A wannan shekarar ce aka harbe Tamir Rice a wani filin wasa a Cleveland yana riƙe da bindigar wasa, cikin kimanin daƙiƙa biyu da isowar motar 'yan sanda. Da 'yan sandan suka kira ta rediyo suka ce wanda ke kwance zai kai shekara 20. Shekarunsa 12. Yaron da a ko'ina za a ce yarinta ce ke ɗibarsa, shi an riga an mayar da shi ƙato.

Mu kuma daga ina muka samo namu hoton na baƙin Ba'amurke, in ba daga finafinai da labaran da ke nuna shi kullum da bindiga ko ƙwaya ba? Wanda ya zana mana shi, shi ne dai ya zana Afirka a matsayin yunwa da yaƙi da damfara ya nuna musu. Kowa ya karɓi hoton ɗan'uwansa daga hannu ɗaya, yana murna shi ya tsira.

Kada kuma a ɗauka ciwon Amurka ne kaɗai. A Landan, a Afrilun 1981, 'yan sanda suka tsayar da mutum kusan 1,000 cikin 'yan kwanaki a unguwar Brixton, unguwar ta kama da wuta. A 1999 rahoton Macpherson kan kisan wani matashi baƙar fata, Stephen Lawrence, ya ce wariyar launin fata ta zauna daram a tsarin rundunar 'yan sandan birnin. A 2020 aka fito da 'yar tseren Birtaniya Bianca Williams da abokin zamanta daga motarsu aka sa musu ankwa, jaririnsu na ciki, aka caje ba a samu komai ba. A Faransa hukumar kare haƙƙin jama'a ta gwamnati da kanta ta ce a 2017 samarin da ake wa kallon baƙaƙe ko Larabawa sun fi sauran jama'a fuskantar binciken takardu ninki 20. A Guangzhou ta ƙasar Sin, a Afrilun 2020 lokacin korona, aka riƙa korar 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal, wasu suka kwana a titi, har jakadun Afirka suka rubuta takardar koke. A Libiya a 2011 baƙar fata kawai ta isa a ce kai sojan hayar Gaddafi ne. A Tunisiya, bayan jawabin Shugaba Kais Saied na Fabrairun 2023 da ya ce zuwan baƙin haure daga kudu da Sahara makirci ne na sauya al'ummar ƙasar, aka kori mutane daga gidaje da wuraren aiki, har da ɗalibai masu cikakkun takardu, sai da Gini da Mali da Kodebuwa suka kwashe 'yan ƙasarsu a jirgi. A waɗannan wuraren babu baƙin Ba'amurken da za mu ɗora wa laifi. Mu ne.

Yanzu kuma an fara miƙa aikin ga na'ura, ana cewa ita ba ta da son zuciya. A 2018 Joy Buolamwini 'yar asalin Ghana da Timnit Gebru haifaffiyar Habasha suka gwada manhajojin tantance fuska na wasu manyan kamfanoni uku. Wajen gane namiji ne ko mace, kuskuren bai kai kashi 1 cikin ɗari ba a kan maza masu hasken fata, a kan mata masu duhun fata kuwa ya kai kusan kashi 35. Dalili ɗaya shi ne hotunan da aka horar da manhajojin da su yawanci na fararen fata ne. Amma duk da haka aka ba 'yan sanda irin waɗannan kayan aiki.

A Janairun 2020 'yan sandan Detroit suka kama Robert Williams a ƙofar gidansa, a gaban matarsa da 'ya'yansa mata biyu ƙanana, wai ya saci agoguna a wani kanti. Manhaja ce ta haɗa hoton lasisin tuƙinsa da wani dishi-dishin hoto na kyamarar tsaro. A ɗakin tambayoyi ya ɗauki hoton ya kara a gefen fuskarsa, ya ce musu yana fata dai ba gani suke duk baƙaƙe kamarsu ɗaya ba. Kusan awa 30 ya yi a tsare. Bayan shekara uku, rundunar nan dai ta je gidan Porcha Woodruff da sassafe tana shirya 'ya'yanta makaranta, ta kama ta bisa zargin fashi da ƙwacen mota, nan ma manhaja ce ta nuna ta. Tana da cikin wata takwas, abin da wanda aka yi wa fashin bai taɓa ambata ba game da matar da ya gani. Ta wuni a tsare, daga nan ta wuce asibiti aka ƙara mata ruwa, bayan 'yan makonni aka kori ƙarar saboda rashin hujja.